Gwanin Zaɓen Iri: Mai Tsaron Saƙon da Ke Cikin Zangarniya

A Damri da sauran ƙauyukan Bakura, Talata Mafara da Maradun, idan ana yabon manomi, yawan damman da ya ɗaure ake ambata. Akwai wata gwanintar da ta riga wannan, wadda ba a cika yi mata kirari ba, ita ce sanin zangarniyar da ta cancanci zama iri, da sanin yadda za a riƙe ta da ranta daga kaka har faɗuwar ruwan shuka. Wata bakwai ne ko takwas, a cikinsu akwai zafin bazara mai wuce digiri 40, da gara, da ɓera, da ƙwari, da kuma yunwar gida wadda kan sa hannu ya kai ga abin da aka ware. Duk wanda ya fitar da irinsa lafiya daga cikin waɗannan, ya shuka ya tsiro reras, ya yi aikin da ya isa a tsaya a dube shi da idon basira.

Tambayar da wannan manomi ke amsawa da hannunsa kowace shekara ta daɗe tana cin ran manyan masana fiziks: ta yaya abu mai rai ke riƙe tsarinsa a duniyar da komai ke lalacewa? Katanga na zubewa, ƙarfe na tsatsa, ruwan zafi na hucewa, amma dawar Kaura tana haifar Kaura shekara da shekaru. A 1943 masanin fiziks Erwin Schrödinger, ɗan ƙasar Ostiriya, ya gabatar da laccoci a birnin Dablin a kan wannan tambaya, aka buga su littafi a 1944. Abu biyu ya kawo. Na farko, mai rai yana kare tsarinsa ne ta hanyar jawo makamashi daga waje yana fitar da zafi, ran da wannan ya tsaya kuwa ruɓewa ta fara. Na biyu, dole akwai wani umarni a rubuce cikin ƙwayar halitta wanda ɗa ke gada daga iyaye. A 1953 aka gano siffar DNA, aka ga inda rubutun yake. Ƙwayar dawa guda ɗaya ta haɗa abubuwan nan biyu, abinci da saƙo, kuma manomin da ya iya iri shi ne mai tsaronsu.

Hasken rana a cikin buhu

A wannan yanki namu, kowane murabba'in mita na ƙasa yana samun hasken rana da ya kai yunit 5 zuwa 6 a wuni, irin yunit ɗin da mitar wutar lantarki ke ƙirgawa. Gona mai hekta ɗaya ke nan tana shan sama da yunit 50,000 kullum. Buhu goma na dawa, wato tan ɗaya, makamashin da ke cikinsu bai wuce yunit 4,000 ba. Idan aka auna shi da hasken da ya zuba a gonar tsawon wata huɗu na damina, bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Sauran ya tafi wajen ɗumama ƙasa, da fitar da ruwa ta ganye, da gina kara da saiwa, da numfashin shukar kanta. Amma wannan ɗan abin da ya saura a ƙwaya ya isa ya riƙe mutum huɗu shekara guda. Tafiyar da muke yi, da saran fartanya, da tunanin da ke kanmu, duk daga wannan ragowar hasken suke.

Ganye ne ke wannan aiki. Yana karɓar haske, ya haɗa ruwan da saiwa ta jawo da iskar kabon, ya ƙera sukari, sannan shuka ta tara shi a ƙwaya a matsayin sitaci. Wahalar ita ce, ƙananan ƙofofin da iskar ke shiga ta nan ne ruwa ke fita, don haka kowace shaƙa tana da farashi. Dawa, gero, masara da rake suna da wata dabara ta tara iskar kabon a can cikin ganye, wadda masana biyu, Hatch da Slack, suka bayyana a Ostireliya a 1966. Dabarar na cin ƙarin makamashi, amma tana ba shuka damar tsuke ƙofofinta a tsakar rana ta ci gaba da aiki. Shi ya sa dawa da gero ke gina jiki da kusan rabin ruwan da shinkafa ko alkama ke buƙata. Kakannin da suka zaunar da gero da dawa a tudu, suka kai shinkafa fadama, sun raba gonakinsu daidai da wannan lissafi.

Sai dai haske kaɗai ba ya yin hatsi. Rana ɗaya ce ke haska gona da fako. Abin da ke bambanta su shi ne kilo goma ko ƙasa da haka na iri da aka zuba a ramuka, wanda ke ɗauke da umarnin yadda za a kama hasken, da inda za a ajiye shi, da lokacin da za a yi hakan.

Dawar da ke ƙirga dare

Umarnin nan a rubuce yake da haruffa huɗu kacal na sinadarai, a jere. Na shinkafa ya kai haruffa kusan miliyan 390, an kammala karanta shi a 2005. Na dawa kusan miliyan 730, an buga shi a 2009. Na gero ya fi biliyan ɗaya da rabi, an buga shi a 2017. Kowace ƙwayar halitta a jikin shuka tana da kwafinta. A cikin wannan dogon rubutu ne aka faɗi tsawon kara, da launin ƙwaya, da zurfin saiwa, da juriyar fari, da ko tuwon zai yi danƙo ko zai kwana bai saki ba.

Mafi ban mamaki a cikin umarnin shi ne na lokaci. Duk manomin dawa ya san cewa idan ruwa ya yi gardama, wani ya shuka a farkon Yuni, wani sai cikin Yuli, amma dawar gargajiya takan fid da kai kusan lokaci guda, dab da ɗaukewar ruwa. Ta farin ta fi tsawo, ta bayan ta fi gajarta, amma tare suke bununi. Maiwa ma haka take, saɓanin gero mai sauri wanda kwanakinsa yake ƙirgawa. Masana biyu a Amurka, Garner da Allard, sun nuna a 1920 cewa tsirrai da yawa da tsawon wuni suke sanin lokacin fure, daga baya aka gano cewa tsawon dare ne ainihin abin da suke aunawa. A cikin ganye akwai wani sinadari mai sauya siffa idan haske ya taɓa shi, ya koma a hankali cikin duhu, yana aiki tare da agogon da ke jikin shuka.

A nan ne abin ya kai maƙura. A daidai inda Talata Mafara take, tsakanin wuni mafi tsawo na watan Yuni da mafi gajarta na Disamba, bambancin kusan awa ɗaya da rabi ne kawai. A watan Satumba, abin da dare ke ƙaruwa da shi kullum bai kai minti ɗaya ba. Da wannan ɗan bambanci dawa ke yanke shawarar daina yin ganye ta ɗauki ciki. A shekarun 1960 wani mai bincike a Samaru ta Zariya, D. L. Curtis, ya yi nazarin dawar sassan Nijeriya, ya buga sakamakonsa a 1968. Ya gano cewa lokacin da kowace dawa ke fid da kai ya yi daidai da lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a ƙasar da ta fito. Dawar kudu idan aka kawo ta arewa sai ta makara, ruwa ya ɗauke ta bar ka da kara. Ta arewa idan aka kai ta kudu sai ta yi gaggawa, ta nuna cikin ruwa, ƙwaya ta yi baƙi da fumfuna.

Ma'anar wannan ita ce, irin dawar da ke hannun tsohon manomi a Damri yana ɗauke da tarihin damunan Damri. Ba wanda ya rubuta shi da alƙalami. Kowace shekara wadda ta makara ba ta yi ƙwaya ba, wadda ta yi gaggawa ta lalace ko tsuntsu ya cinye, wadda ta dace ita ce hannun manomi ya ɗauka. An fi shekara 4,000 ana wannan aiki a Afirka ta Yamma, domin wani tsohon geron gida da masu tonon tarihi suka samu, a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, ya kai kimanin shekara 4,500. Geron daji da kansa yake zubar da ƙwayarsa a ƙasa. Hannun mutane ne ya yi ta zaɓen wanda ke riƙe ƙwaya har a zo girbi.

Idon mai zaɓe

Gwanin iri ba ya jira sai an tara dammai a masussuka. Tun hatsi na tsaye yake zagaya gona, domin zangarniyar da aka yanke ta rabu da rabin labarinta. A tsaye ne ake ganin wadda karanta bai kwanta ba bayan iska, da wadda ganyenta bai bushe da wuri ba a lokacin da ruwa ya yi tsaiko, da wadda wuta-wuta ta kewaye amma ta yi kai, da wadda ta nuna tare da 'yan uwanta. Yana kauce wa mai burtuntuna ko domana, har ma da maƙwabtanta. Yana murza ƙwaya a tafi, ya duba cikarta da ƙyallinta, ya ciza ya ji taurinta.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne abin da yake ƙi. Sabon shiga yakan ruga ga zangarniya mafi girma a gona. Gwani sai ya fara duba inda ta tsaya. Idan a kan tsohon suri ta fito, ko inda aka jibge taki, ko a bakin gona inda ba mai yi mata gasar haske, ya san girman nan na wuri ne, kuma wuri ba ya bin ƙwaya zuwa baɗi. Wadda yake nema ita ce ta tsakiyar gona, wadda ta sha abin da kowa ya sha, ta kuma fi su. Masu ilimin gadon halitta suna kiran wannan raba abin da aka gada da abin da muhalli ya bayar, kuma shi ne ginshiƙin aikin duk wata cibiyar inganta iri a duniya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma sai an tabbata gudun nata ne.

Akwai ƙarin dalilin shiga tsakiyar gona, musamman ga gero. Shinkafa kan yi barbara da kanta, dawa ma galibi haka, amma gero iska ce ke kawo masa bununin wani. Zangarniyar bakin iyaka ta fi haɗuwa da na maƙwabci, ko da geron daji da ke zubar da ƙwaya. Haka nan gwani ba ya taƙaita kan kai biyar ko goma, komai kyansu. Yana ɗiba da yawa daga sassan gona, domin wadda ta yi fice a shekarar ruwa ba lalle ita ce za ta tsaya a shekarar fari ba. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san amfanin iri mai faɗin ciki. Matan gida kuma suna da nasu alƙalancin, wanda ba ya cikin gona: wace ce ke surfuwa ba ta farfashe ba, wace ce ke ba da gari, wace ce furarta ke damuwa. Irin da ya faɗi a turmi ba ya daɗewa a gida, ko da ya ci a gona.

Masana fiziks sun daɗe da fahimtar cewa tantancewa aiki ne mai farashi. A 1867 James Clerk Maxwell ya ƙaddara wani ɗan mai gadi a bakin wata ƙofa, yana barin ƙwayoyin iska masu sauri su wuce gefe ɗaya, masu nawa su tsaya ɗaya gefen. Da wannan zaɓe kawai zai raba zafi da sanyi, ya samar da tsari daga hargitsi, kamar a kyauta. An kusa shekara ɗari kafin a gano inda yake biya. Dole ya gani, ya riƙe a ƙwaƙwalwa, ya kuma goge don ya sake riƙe wani, kuma a 1961 Rolf Landauer na kamfanin IBM ya nuna cewa goge ko da mafi ƙanƙantar bayani yana da zafin da dole a fitar. Jikin mai rai ma yana biyan irin wannan. Lokacin da ƙwayar halitta ke kwafar DNA, tana kashe makamashi wajen bin sawun rubutun tana gyara kurakurai, har kuskure ya koma kusan ɗaya cikin haruffa biliyan. John Hopfield, wanda ya sami kyautar Nobel ta fiziks a 2024, shi ya bayyana tun 1974 yadda ake sayen daidaito da makamashi a cikin ƙwayar halitta. Manomin da ke zagaya gona da rana yana dubawa, yana tuna wadda ta kwanta bara, yana biyan nasa kason. Shekarar da aka daina biya, aka riƙa ɗibar iri daga bakin buhu, a nan iri ke fara gaurayewa.

Riƙe rai har ruwa ya sauka

Busasshiyar ƙwaya tana da rai. Tana numfashi, tana cin abincin da ke cikinta, amma a hankali ƙwarai, kamar garwashin da aka rufe da toka don ya kai safe. Duk aikin ajiya shi ne kada wutar ta tashi kafin lokaci, kada kuma ta mutu. Abu biyu ke hura ta: laima da zafi. Masanin iri J. F. Harrington na Jami'ar Kalifoniya ya taƙaita lamarin a ƙa'idoji biyu da har yau ake koyarwa. Duk lokacin da aka rage laimar iri da kashi 1 cikin ɗari, tsawon ransa kan ninka. Duk lokacin da aka rage zafin ma'ajiya da kusan digiri 5, ya sake ninkawa. Bisa wannan ƙiyasi, irin da aka busar daga kashi 13 zuwa kashi 10 zai yi tsawon rai ninki takwas.

Shi ya sa cizon nan da manomi ke yi ba wasa ba ne. Ƙwayar da ta ce ƙas a haƙori ta bushe, wadda ta lotsa da saura. Idan laima ta wuce kashi 14, fumfuna na samun wurin zama. Idan aka tara ɗanyen hatsi, numfashinsa da na fumfuna suna fitar da zafi da ruwa, zafin ya ƙara saurin numfashin, sai ka sa hannu cikin tsibi ka ji ɗumi. Wannan ɗumin abincin iyali ne ke ƙonewa ba harshen wuta. Amma gwani ba ya wuce gona da iri wajen shanya. Ba ya baza irinsa a kan kwalta ko kwanon rufi da tsakar rana, domin zafin da ya haura digiri 43 yana iya kashe ɗan tsiron da ke cikin ƙwaya, ta fito da kyan gani alhali ba rai.

Rumbu da rufewa kuwa darasi ne a tsaye. An ɗaga su kan duwatsu don laimar ƙasa da gara su rasa hanya. Hular ciyawa tana tare rana da ruwa. Katangar laka mai kauri tana jinkirta zafi, kafin ya ratsa ta dare ya yi. Iskar hunturu, wadda ke tsotse laimar komai, tana ƙarasa busar da abin da ke ciki. Ana kuma barin hatsi a zangarniyarsa, inda iska ke ratsawa, ƙaiƙayi na kare ƙwaya. Wannan shawara ce da Annabi Yusuf (AS) ya ba mutanen Masar domin shekarun yunwa, kamar yadda ya zo a aya ta 47 ta Suratu Yusuf. Kawunan da aka ware don iri wasu kan rataye su a madafa, inda hayaƙi ke korar ƙwari, ɗumi kuma ke hana laima.

Wake ya fi kowa wahalar ajiya, domin tun daga gona ƙwaro ke sa masa ƙwai. Dabarar cakuɗa shi da toka ko rairayi mai laushi tana cike gurabun da ƙwaro zai bi, tana kuma goge maiƙon da ke bayansa har ya bushe ya mutu. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, ta wata hanya ya bi: a ɗaure bakinsa tam, ƙwarin da ke ciki su shaƙe iskar oksijin da kansu, su daina ci, su mutu, ba tare da an zuba guba ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, a sa busasshen wake. Manyan ma'ajiyun iri na duniya ma kan ƙa'idojin nan biyu suke tafiya. Cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, tana riƙe da tarin irin wake mafi girma a duniya, kuma ma'ajiyar Svalbard ta ƙasar Norwe, da aka buɗe a 2008, tana ajiye busasshen iri a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri.

Duk da haka iri na tsufa. A bushe, ƙwaya ba ta iya gyaran kanta, don haka ƙananan ɓarna suna taruwa a DNA da fatar ƙwayoyin halitta. Da ruwa ya shiga, aikin farko da take yi shi ne gyara, kafin saiwa ta leƙo. Wannan ne dalilin da ya sa tsohon iri ke jinkirin fitowa, ya fito a raunane. Shi ne kuma haɗarin binne: yayyafin da ya isa ya tayar da ƙwaya amma bai isa ya riƙe tsiro ba, ya sa ta kashe abincinta a banza, kuma ba ta komawa barci. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mako biyu kafin shuka, a ƙirga ƙwaya 100, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhun algarara, a ajiye a inuwa, a ƙirga waɗanda suka tsiro bayan mako guda. Idan sun kai 80 ko fiye, a gode wa Allah. Idan sun yi ƙasa sosai, a ƙara yawan da ake zubawa a rami ko a nemi wani tun da sauran lokaci.

Abokin gaba ma yana sauraro

Ba dawa kaɗai ke karanta alamu ba. Ƙwayar wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ƙanƙanuwa ce kamar ƙura, abincin da ke cikinta ba ya wuce na 'yan kwanaki bayan ta tsiro. Saboda haka takan kwanta a ƙasa fiye da shekara goma, ba ta motsi sai ta ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa, wanda ke shaida mata cewa ga abinci kusa. A 1966 aka fara ware irin wannan sinadari, daga saiwar auduga. Auduga, gyaɗa da waken suya suna fitar da alamar, amma wuta-wutar hatsi ba ta iya kama su, sai ta tsiro ta mutu da yunwa. Manomin da ke juya gona tsakanin dawa da waɗannan yana yaudararta ne da saƙon ƙarya. Gwanin iri kuma ba ya ajiye kawunan da ya zaɓa a ƙasan gonar da ke da ita, domin ta haka ƙwayarta ke manne wa iri ta bi shi sabuwar gona.

Tsohon iri da sabo

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ta kawo wa wannan yanki noman rani na shinkafa, alkama da kayan lambu, an kuma tsara ta don shayar da hekta 23,000. Ta kuma rage ambaliyar da fadamun ƙasa da ita suka dogara da ita, abin da ya taɓa noman shinkafar gargajiya mai bin tashin ruwa. A filayen Bakolori gwanintar ta sami sabon fage. Mai shinkafa yana jiƙa irinsa ya kwashe wanda ya taso saman ruwa, domin holoƙo ne. Yana tsige baƙin kai da ya fi saura tsawo ko ya riga su nuna, kafin girbi. Yana kuma lissafin dashe don kada fure ya faɗa cikin tsananin zafin Afrilu, domin zafin da ya wuce digiri 35 a lokacin fure yana barin shinkafa da kai ba ƙwaya.

Ingantaccen iri alheri ne, kuma gwani ba ya gudunsa. FARO 44 a fadama, geron SOSAT, da jerin dawar SAMSORG daga Samaru sun taimaki gidaje da yawa, musamman a shekarun gajeruwar damina. Abin da ake buƙata shi ne sanin halin kowanne. Shinkafa za a iya maimaita irinta na wasu shekaru idan ana tsaftace shi. Masarar aure kuwa, wadda kamfani ke haɗawa daga iyaye biyu, 'ya'yanta rarrabuwa suke yi a shuka ta biyu, kamar yadda Gregor Mendel ya nuna tun 1865, don haka sabuwa ake saya kowace shekara. Su kansu masu inganta iri daga hannun manoma suke samun kayan aikinsu. Kaura da Farafara sun shiga gonakin gwaji ne bayan sun daɗe a rumbuna.

A yau barazanar da ta fi gara da ɓera ita ce rashin tsaro. Mutanen Damri sun ɗanɗana shi a harin watan Mayun 2022, dab da lokacin shuka, kuma ƙauyuka da dama a Bakura da Maradun sun ga an ƙone rumbuna ko an hana zuwa gona. Buhun abinci ana iya kawo shi daga ko'ina. Irin da ya san daren wannan ƙasa da lokacin ɗaukewar ruwanta, idan ya ƙare a hannun kowa, babu kasuwar da za a same shi, kuma shekara biyu ko uku na rashin shuka sun isa su raunana shi.

Don haka kira na ga masu ruwa da tsaki. Kwalejin aikin gona ta Bakura da cibiyar binciken Samaru su bi ƙauyuka su tattara irin gargajiya, da sunansa da sunan garin da ya fito, su ajiye kwafi a wuri mai tsaro. Masu raba tallafin iri su tambayi daga ina ya fito kafin su raba shi. Dagatai da ƙungiyoyin manoma su raba kowane iri mai daraja a gidaje da garuruwa daban-daban, kada ya zauna a rumbu ɗaya. Kai kuma matashi, idan kaka ta zo, ka bi mahaifinka ko kakanka cikin gona kafin a fara yanka, ka tambaye shi dalilin kowace zangarniya da ya ɗauka da kowace da ya bari. Wannan ilimi a gona ake karɓarsa, kuma sau ɗaya ake buɗe ajinsa a shekara.